Baƙin abin da maƙwabcina ya binne

Shekarun baya, bayan an gama madatsar Bakolori, na ja ruwan famfo zuwa gidanmu a Talata Mafara. Ƙasar wurin marmara ce, ni kuma ga ƙiwa, don haka taƙi ɗaya kawai na haƙa na rufe bututun.

Bututun ya bi ta ƙofar wani dattijo da ya dawo daga wajen Maradun bayan ruwa ya cinye gonarsa. Ba shi da yawan magana, ni ko shirunsa bai taɓa kwanta mini ba. Wata safiya na hango shi tsugune a kan hanyar da muke takawa, yana tura wani baƙin abu cikin rami yana mai da ƙasa. A makon nan ƙafar mahaifiyata ta kumbura. Take na yanke hukunci: sammu ne.

Ban tambaye shi ba. Na tara mutanen unguwa, na ɗauko fartanya na tone. Sai ga baƙar roba naɗe tamau.

"To Baba, mi ne ne wanga?" na daka masa tsawa.

Ya ce, "Warware mana, ɗana."

Na warware. Tsohuwar robar cikin taya ce, an yanka ta siri-siri, a ƙarƙashinta kuma bututuna ne da tsaga, ruwa na tsartuwa.

Ya ce, "Shanun kasuwa sun taka shi. Kuma ka binne shi sama-sama, rana na dahwa ruwan. Kullum ina ganin Innarka tana jiran shi huce kahin ta yi alwalar azahar, shi ya sa na ɗaure tsagar na ƙara mishi ƙasa."

Wani mahauci abokina ya tuntsire da dariya. "Kai, wanga boka ya iya aiki, a turo mini shi gidana!"

Ƙafar Inna kuwa, ƙaya ce ta karye a ciki.

Na bi shi har zaure na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma daga ranar bai ƙara ɗibar ruwa a famfona ba, rijiya mai nisa yake zuwa da tulunsa, har Allah ya karɓi ransa.

Har yau idan zargin wani ya taso mini, nakan je in tambaye shi mu biyu. Na ga yadda ake yafe wa mutum amma a daina shan ruwansa. Allah ya jiƙan Baba, ni kuma ya shirye ni.