Dodon Mashigin Teku

Babanmu ya yi wa wani Bagirke tsaron kanti a Bur Sudan kafin shi da Inna su ƙetaro Makka, kuma duk abin da ya samo a wurinsa bai wuce ciwon baya da tatsuniya guda ba. Bayan la'asar yakan tara mu a ƙofar ɗakinmu na unguwar Nakkasa a Makka ya ba mu ita. Wai akwai wani matsattsen mashigin teku, gefe guda dodo mai kai shida a cikin kogo, ɗaya gefen ruwa mai juyi da ke haɗiye jirgi ɗungurungum. Gaba kura, baya sayaki. Wani matuƙin jirgi ya raɓi dodon, aka sure masa mutum shida, sauran suka tsira.

Mu dai daɗi muke ji. Inna kuwa ta tsani labarin. "Kalas, ya isa haka, Malam," takan ce, "waɗanda aka sure ɗin ba 'ya'yan wasu ba ne?"

Sai da na yi wayo na gane dalilinta. Ranar da za su hau jirgi a Bur Sudan, ƙyanda ta kama Yaya, 'yarta ta fari, mai jirgi ya ce ba za ta shiga ba. Ko dai kowa ya rasa tafiya, ko a bar ta wurin gwaggo. Aka bar ta da niyyar dawowa baɗi, baɗin da bai zo ba. Ni a Makka aka haife ni, ban taɓa ganinta ba.

Wata shekara wani alhaji ya kawo saƙo cewa Yaya ta yi aure, tana tafe aikin hajji. Inna ta daina cin abincin kirki. Tsoronta kada yarinyar ta dube ta ta kau da kai. Na tausaya mata ƙwarai.

Muka tafi Jidda, muka tsaya cikin rana. Can sai ga wata doguwar mace ta sauko daga jirgi, goshin Inna sak, da jariri a kafaɗa. Ta tsaya gabanmu ta daɗe tana kallo.

Sai Yaya ta miƙo jaririn.

"Inna, riƙe min shi," ta ce. "Hannuna ya gaji."