Dada Turai Ta Bar Mini Tagogi

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, sha uku ga Rabi'ul Awwal 1432, wato 16 ga Fabrairu 2011, Allah Ya karɓi ran Hajiya Turai Damagaram, wadda duk unguwar Haratul Mazlum ke kira Dada, a ɗakinta na tsohon gidan nan mai hawa huɗu da ke Balad, tsohon garin Jidda. An yi mata sallah bayan la'asar. Ni Jabiru, a ɗakin ƙasa na gidan aka haife ni, kuma ni ne mijinta na wasa, don tun ina zanen goyo ta ce ta kama. Saboda haka a yi mini uzuri idan na yi mata magana yadda muka saba.

Dada, kin tafi ba sallama, kin bar maigidanki gwauro.

Kin sha ba ni labarin yadda kika zo ƙasar nan kina yarinya, ke da mahaifinki, a ƙafa ta Sudan har bakin ruwa. Shi ya sauke farali ya rasu a Makka, ke kuma masu gidan nan suka ɗauke ki renon 'ya'yansu. Da suka yi gini a arewacin gari suka tashi, kika ce ke ba inda za ki. Sai suka bar miki gidan ki riƙe, kika cika ɗakunan ƙasa da mutanenmu. Iyayena ma ke kika tsinto su a Bab Makka da ƙullin kayansu, ba su san kowa ba. Ban taɓa jin kin tambayi baƙo iƙamarsa, wato takardar zama a ƙasa, ba. Kunu kike fara miƙa masa, sai ya sha sannan ki tambayi garinsu.

Wanda bai san Balad ba, gidajen layinmu a manne suke, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallah, bango ɗaya na gida biyu ne. Da dutsen teku aka gina su, wanda ake kira mangabi, dutse ne mai shan ruwa kamar soso. A gaban gidanmu kuma akwai roshan, wato tagogin katako masu turowa bisa titi tun daga hawa na biyu har sama, an sassaƙa su da ado kamar zayyanar allon sauka. Kullum kin idar da sallar asuba sai ki ɗauki sandarki ki hau, ki bi tagogin nan ɗaya bayan ɗaya ki ɗage su, har ɗakunan da ba mai kwana a ciki. Kin ce gidan da aka rufe gumi yake yi, katakonsa ya ruɓe, dutsensa ya zama gari. Akwai wata taga a ɗakin can sama da ƙugiyarta ta karye, ita da tsohon takalminki kike tokare ta.

Kin tuna ranar da na lallaɓa bayanki, kina buɗewa ina rufewa? Da kika sauko kika tarar da hawa na uku ya koma duhu, ba ki yi faɗa ba. Kika zauna bisa matakala kika ce wa aljanin gidan, da ƙarfi yadda zan ji daga bayan ƙofa, tunda yana da ƙafar hawa, daga gobe hawa na huɗu nasa ne, in kuwa ya makara babu ƙosai. Haka na shiga aikin taga ban shirya ba.

Da na fara tura amalanke a kasuwa, na sayo tsohon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a gwanjo, na kawo mai fasa bango, na ce amaryata ta daina kwana cikin zafi. Kika zo kika zauna daram a kan mukayyif ɗin, kika ce ruwan da yake ɗigarwa shi ya cinye bangon gidaje da yawa a layin nan, wanda zai huda miki gida sai dai ya fara ɗaga ki. Mai fasa bangon ya sha shayi ya tafi. Har yau mukayyif yana nan a ɗakinki, a kansa kike ajiye buta.

Masu zuwa ɗaukar hoton roshan kuwa ni nake tarbar su. Na taɓa gaya wa wasu ɗalibai cewa ke kika gina gidan da hannunki, ni kuma mijinki ne na bakwai. Suka dube ki su ji ko za ki ƙaryata, sai kika ce musu da Larabci: "Aiwa, jozi, bas kaslan." Wato mijinki ne ni, amma malalaci. Ranar kowa ya yi dariya ban da ni.

Amma akwai abin da ba ki wasa da shi. Tunda Baladiyya, hukumar gari, ta sa gidan cikin gidajen tarihi, ba a yarda a rushe shi ko a sauya masa kama ba. Sai dai ba wanda ya hana gida faɗuwa da kansa. Mai son fili sai ya fitar da mutane, ya sa ƙwado, ya jira. Haka aka yi wa gidan da ke hagunmu. A namu ma wasu magada sun so haka, sai Ammu Husaini, ƙaramin ɗan masu gidan, wanda ya girma a bayanki, ya yi alkawari cewa muddin Dada tana numfashi ba mai rufe gidan. Duk mun san inda alkawarin ya tsaya.

Ruwan da aka tafka a watan jiya, kin tsaya a saman gida da kumburarriyar ƙafa, kina nuna mana indararon da kashin tattabaru ya toshe, muna zura sanda. Mun roƙe ki ki sauka, kika ƙi. Gidan hagu ba wanda ya hau masa, rufinsa ya cika da ruwa ya rufta ciki, ya bar mana tsaga a bangon da muka haɗa. Namu ya tsaya. Ke ce ba ki ƙara tsayawa da ƙafarki ba, zazzaɓin ranar bai sake ki ba.

Kina kwance na zo na ce miki, tunda ni ne miji, a faɗa mini gadona tun da wuri kada a cuce ni. Kika yi dariya har tari ya kama ki.

"Gida na masu shi ne, maigida," kika ce. "Kai tagogi na bar maka."

Ranar addu'ar uku Ammu Husaini ya zo. Bayan an shafa fatiha ya ce zai hau sama, na bi shi, ina ganin nauyin ƙwado a aljihun jallabiyarsa. Duk hawan da muka kai ya tarar da tagogi a ɗage, iskar teku tana ratsawa. Ya tambaya wa ya buɗe, na ce mijinta. Bai yi dariya ba. A ɗakin can sama, inda ya ce nan kike shimfiɗa shi yana yaro, ya daɗe yana kallon takalminki a jikin taga. Sai ya zare shi ya riƙe, ya ciro ƙwadon ya tokare tagar da shi. Ya ce zai yi magana da 'yan'uwansa, bai yi mini alkawarin komai ba, amma a nemo mai aikin farar ƙasa ya duba tsagar nan, kada kuma a bari siminti ya taɓa ta. Na ce ai Dada ta riga ta yi mana wannan karatun. Da takalmin ya tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Anti Zaituna da ke Kurayyat da jikokinki, da Ammu Husaini da danginsa, da 'yan'uwanki na Damagaram duk inda labarin nan ya iske su, da dukkan wanda ya taɓa shan kununki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Allah Ya jiƙan ki, Dada, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika yi ya zama kaffara. Yadda kika buɗe wa baƙi ƙofa, Allah Ya yalwata makwancinki, Ya buɗe miki taga zuwa Aljanna, iskarta ta riƙa iso ki safe da yamma. Tagogin nan gida kuma kada ki damu da su. Yau ma na hau tun da asuba, ban makara ba, ko da yake babu mai ba ni ƙosai.