Ranar da Tsutsotsi Suka Ci Amanar Clive

Shekara goma sha tara maƙwabcina Clive Ollerenshaw yana shiga gasar kiran tsutsa ta ƙauyenmu, ko wutsiyar guda bai taɓa fitarwa ba. Dokar ba ta da wuya: a yanka maka ɗan fili a bayan makaranta, a ba ka rabin awa, ba tono ba zuba ruwa, ka lallaɓo tsutsotsi su fito da kansu. Masu hankali kan kafa shebur mai yatsu su yi ta girgiza shi. Clive, tsohon direban bas, wani ƙaton ƙahon tagulla yake kifawa a ƙasa ya yi ta busa har fuskarsa ta koma ja.

Duk shekara shi ke karɓar cokalin katakon da ake ba na ƙarshe, kuma da shi yake taƙama. Yana shiga mashaya za a fara tambayarsa ko tsutsotsin sun aiko da takardar uzuri. Yakan ce shi kam ko matarsa ya kira sai ta ga dama take fitowa. Wannan tsokanar ce abincinsa. A wurinmu wanda ake so shi ake zolaya.

Shekara ta ashirin mura ta hana shi busa, ga sabon takalmi yana cin ƙafarsa. Sai ya tsaya cikin filinsa yana ta dire-dire yana ba ƙasa haƙuri. Ashe bugun ƙafar nan tsutsotsin suke jira, sai ga su suna ta ɓullowa ta ko'ina.

Na ga firgici a idon bawan Allahn nan. Ya durƙusa yana cusa su cikin ramukansu da ɗan yatsa, ya mayar da ɗaya biyar su ɓullo. Ya roƙi Glenys, alƙaliyar gasar, ta kore shi saboda maguɗi. Ta ce mayar da tsutsa gida ba laifi ba ne a littafinta, ta tsince su tsaf: ɗari biyu da goma sha biyu.

Da aka miƙa masa kofi cewa ya yi, "Ku yafe min, jama'a. Ba halina ba ne."

Da yamma muka shiga mashaya, wuri ya yi tsit. Ba mu iya yabo ba, ba mu taɓa koya ba. Neville, wanda ya fi kowa cin fuskarsa shekara da shekaru, ya tashi ya gyara riga ya miƙa masa hannu.

"Barka da nasara, Mista Ollerenshaw."

Clive ya jira ƙarashen maganar, ya jira dariyar. Ba ta zo ba. Na ji kunyarmu gaba ɗaya, na buɗe baki in zage shi ko sau ɗaya ne, na rasa da me. Ya shanye abin da ke gabansa a tsaye, ya yi wa kowa godiya, ya ɗauki kofin gasarsa ya fita, Neville har da riƙe masa ƙofa.