Gaɓar da Yayata Ke Kwance

Shekarun baya masu nisa, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, ina ɗan shekara goma sha tara, ina ɗaukar karatu a wajen wani malami a Harami. A Makka aka haife ni, amma har lokacin ban taɓa ganin teku ba. Ni mutum ne marar magana. Idan baƙi suka shigo gidanmu a unguwar Misfala sai in ɗauki littafi in lafe a bayan ƙofa har su tafi. Abin da na iya shi ne rubutu, kuma ina ji da kaina a kan haka fiye da kima.

Mahaifiyata 'yar Kano ce. Ita da mahaifina sun yi shekaru a hanya, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, har suka iso gaɓar Sudan suka shiga jirgin katako mai tafiya da iska. Da yake ba su da takardu, mai jirgin bai kai su Jidda ba. Ya sauke su a wani lungun teku can kudu, ya juya abinsa. Suna tare da 'yarsu ta fari, mai shekara biyu, wadda zazzaɓi ya kama tun a cikin jirgi. Ranar da suka sauka ta rasu. Suka binne ta a wurin, suka bi sauran mutane a ƙafa zuwa Makka. Ko sunan wurin ba su sani ba.

Bayan rasuwar mahaifina, yanar ido ta fara rufe wa mahaifiyata gani. Wata safiya tana tuyar ƙosan da take sayarwa, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ina so in ga wurin nan tun idona na gani."

Ban tambaye ta wane wuri ba. Na ɗauko takarda da alƙalami, na yi mako guda ina yi mata tambayoyi kamar alƙali. Na tsara amsoshinta bi da bi, na tace su, na sake kwafe su da kyakkyawan rubutu. Wani maƙwabcinmu ya haɗa mu da wani tsoho mutumin Yaman, mai jirgin da ke zuwa kudu ɗauko gawayi da busasshen kifi. Ya yarda ya ɗauke mu. Muka hau babbar mota zuwa Jidda.

Ranar farko a kan ruwa ba ni da abin ba da labari, domin a bakin jirgi na wuni ina amai. Mahaifiyata kuwa tana zaune daram a kan buhu tana jan carbi, tana miƙo mini lemon tsami in tsotsa.

Da na ɗan farfaɗo, na je na durƙusa gaban mai jirgin na karanta masa takardata da Larabcin littafi. Akwai rairayi fari. Akwai duwatsu can nesa ta gabas. Akwai rijiya mai ruwan zartsi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya ustazu, abin da ka karanta mini ai shi ne gaɓar nan duka, daga Jidda har garinmu."

Duk da haka ya gwada. Ya shiga da mu lungu ɗaya, mahaifiyata ta ƙura ido ta girgiza kai. Washegari ya shiga wani, nan ma ta ce ba shi ba ne. A rana ta uku ya gaya mini gaskiya: gobe zai kai inda zai yi lodi, daga nan kuma sai komawa Jidda, ba zai iya leƙa kowane lungu ba. Na kasa fassara mata wannan magana. Na koma gefe ina ta sake karanta takardata ko zan ga wani abu sabo.

Sai tsohon ya bar ni, ya je ya tsuguna gabanta da kansa. Ashe ya tsinci Hausa kaɗan daga alhazan da ya taɓa ɗauka, ita ma tana da Larabcin kasuwa.

Ya ce, "Ya Hajja, da kuka sauka da rana, a ina kika sa yarinyar a inuwa?"

Ta ce, "A gindin itatuwan nan mana. Waɗanda ke tsaye cikin ruwa."

"Cikin ruwan teku?"

"Cikinsa tsundum. Raƙuma ma na shiga suna cin ganyen." Ta juyo wajena. "Ai na faɗa maka, ko ba ka karanta masa ba?"

Ta faɗa mini, har sau biyu. Ni ne na ƙi rubutawa. A hankalina itace ba ya tsirowa cikin ruwan gishiri, ban kuma taɓa cin karo da haka a littafi ba, sai na ɗauka baƙin ciki ne da tsawon shekaru suka haɗa mata kogin gida da teku. Na cire maganar don kada a yi mata dariya. Haka na bayyana musu.

Mai jirgin ya yi dariya har da tari. Ya ce sunan itacen shura, kowane ɗan masunci ya san shi, kuma a wannan yanki wuri ɗaya ne ke da shi da rijiya a kusa. Mun wuce shi tun jiya. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ashe akwai abin da ba a kai ku ba a karatun." Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tsohon ya dubi sama, sannan ya ce gawayi ba ya ruɓewa, ya sa aka juya jirgi.

Da hantsin washegari muka isa. Mashigar 'yar siririya ce tsakanin duwatsun cikin ruwa, sai da mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana nuna hanya da hannu. Muna shigewa duk jijjigar nan ta ɗauke. Ruwan ya kwanta luf kamar a cikin ƙwarya, har kana hango ƙananan kifaye a ƙasa. Ga kwalekwalen masunta uku a ɗaure, ga bukkoki kaɗan. Can ta hagu kuma ga itatuwan, kore shar, ruwa ya kai musu gwiwa. Mahaifiyata ta miƙe tsaye ta riƙe kafaɗata. Na ji yatsunta sun nutse a jikina.

Wata tsohuwa mai shanya kifi ta nuna mana bayan wani tudun rairayi. Ta ce nan ake binne baƙin da ke tsallakowa. Muka tarar da duwatsu a warwatse, ba rubutu, ba alama, iska ta baje komai. Babu yadda za a yi a gane kabarin kowa. Hankalina ya tashi, na soma auna taku daga rijiya, ina tambayarta ko ta tuna ta wane ɓangare rana take.

Ta ce, "Bari haka nan, ka zo ka zauna."

Ta yi wa mutanen wurin sallama gaba ɗaya, ta yi musu addu'a. Sannan ta zauna a rairayi ta dafa ƙasa, ta yi wa 'yarta magana da irin muryar da ake yi wa jariri. Ta ce ta daɗe ba ta zo ba, a yi mata haƙuri, hanya ce ta ɓace mata. Ta ce babanki ya riga ni tahowa. Sai ta jawo hannuna ta ce, "Ga ƙanenki nan na kawo miki, ba ki san shi ba. Kai, gai da yayarka."

Na zo da doguwar addu'a da na kwafo daga littafi, na haddace ta tsaf. Duk ta gudu. Ni ƙato da gemu ya fara fito mini, na durƙusa gaban yarinya 'yar shekara biyu na ce, "Yaya, ina kwana."

Ba a yi shekara biyu ba idon mahaifiyata ya rufe gaba ɗaya. Har yau nakan ji tsoro idan na tuna cewa saura kwana ɗaya wayona ya hana ta ganin wurin nan har abada, kuma da ba zan taɓa sanin ni ne sanadi ba. Na koyi rubuta maganar tsofaffi yadda suka faɗe ta, ko da hankalina bai ɗauka ba. Wani abin kuma ya sauya wanda ban shirya masa ba. A da, idan aka tambaye ni, nakan ce ni ne ɗan fari a gidanmu. Tun da muka dawo daga tafiyar nan bakina ya ƙi faɗin haka. Yanzu na tsufa, jikokina sun cika gida a unguwar Rusaifa, amma duk wanda ya tambaye ni, cewa nake ni ne na biyu.