'Yar Tsere a Ɗakin Gwajin Jini

A kan bencin ɗakin gwajin jini wata yarinya take zaune kusa da ni, siririya, ba ta wuce shekara goma sha bakwai ba. Dunduniyar takalmin gudunta ta cinye. Leɓɓanta sun yi fari fat, tana ta hamma, kanta na rinjaya zuwa kafaɗar mahaifiyarta.

Ma'aikaciyar ɗakin ta miƙo takardar sakamako ta ce, "Jininta ya yi ƙasa sosai. Ga gudu safe da yamma, ga rashin cin abinci. Wa ya hana ta ci?"

"Kocinsu," in ji uwar. "Wai nauyi ke rage mata sauri. Ranar da ta faɗi a fili, raguwa ya kira ta a gaban kowa."

Yarinyar ta shimfiɗa takardar a cinya, tana ɗaukar hotonta da waya. Idonta a bushe yake ƙamas. Ina jin wata da watanni ta yi tana zargin kanta.

"Mama, iyayen sauran yaran zan tura wa, ɗaya bayan ɗaya. Kocin ne zai ji a ƙarshe."

"Tura," in ji uwar. "Fara da wadda mijinta lauya ne."