Makaɗin da ke Ƙirjin Yaya Bitrus

A ƙauyenmu, can bayan Zonkwa, Kaka ba ta fara tatsuniya sai ta jiƙa 'ya'yan itacen atili a ruwan ɗumi ta rufe ƙwarya. Kafin ya yi laushi mukan kewaye murhu, ni da yayana Bitrus da yaran maƙwabta. A lokacin mun riga mun ci abin da muke ci kullum, faten acca da yakuwa da gauta, ko wake da aka yaryaɗa wa man atili. Gishiri da yatsu biyu take ɗiba, daddawa ce ke yin sauran aikin. Abincin nan ya ishe mu. Bitrus yakan ce in ya girma ko kallon acca ba zai sake yi ba.

"Ku matso, ga wata ta iso," in ji Kaka. Da yarenmu take bayarwa, tana tsarma Hausa.

Wai wani manomi ne da makaɗi ke zaune a ƙirjinsa, kamar yadda yake a ƙirjin kowa. Makaɗin ba ya hutu, kuma ladansa ɗaya ne, ya ci abin da mai gida ya ci. Shekara da shekaru suna cin acca da ganye, kiɗa na tafiya a hankali. Sai manomin ya sayar da citta, ya koma gari, ya shiga cin soye-soye da gishiri. Ƙishirwa ta kama makaɗi. Ba shi da baki sai ganga, don haka ya ƙara ƙarfin bugu. Mutumin ya ji kansa na sarawa, ya ce zafin rana ne. Makaɗi ya ƙara. Ran nan fatar ganga ta yage.

"Sai me, Kaka?" Bitrus ya tambaya.

"Sai me kuma? Wa ke ɗinke ganga a cikin ƙirji? Ku ci atilinku."

Muka yi ta dariya, kowa ya dafa ƙirjin ɗan'uwansa yana neman makaɗi.

Bitrus ya cika maganarsa. Ya zama direban bas tsakanin Kafanchan da Jere, abincinsa na tasha ne, soyayye, dunƙule da gishiri har ya yi yawa. Bara ya faɗi yana wanke mota. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin hagu. Matarsa ta riga ta rasu, sai na ɗauko shi zuwa gidana.

Nas ɗin da ke duba shi ta auna ni, ta ce nawa ma ya hau.

"Mama, magani kullum, ba fashi. Ku rage gishiri, ku koma wa ganye da wake da hatsi. In da hali, man zaitun ya fi man da aka yi ta suya da shi."

Ni man zaitun a coci na san shi, fasto na shafa wa marar lafiya a goshi. Kwalba ɗaya na iya saya. Da ta ƙare na aika ƙauye neman man atili, wanda shi ne zaitun ɗinmu, aka ce yawancin itatuwan an sare an yi katako, da ƙyar aka haɗa mini ɗan kaɗan.

Yanzu in na taso daga kasuwa, ƙafafu a kumbure, sai in zauna rairaye acca. In dafa in kai masa, ya ture kwano da hannun da ya rage.

"Ladi, wannan ai babu gishiri."

"Akwai, Yaya. Irin na Kaka."

Wata rana ya ci, wata rana ya bar abincin har ya huce.

Ban sani ba ko man ne ya kai Kaka tsufa da ƙafafunta, ko ganyen, ko tafiyar gona. Da ina yarinya na ɗauka labarin na mai kwaɗayi ne. Yanzu na gane na wanda aka yi ta yi wa magana ne bai ji ba. Gangar Yaya ba ta yage duka ba. Abin da ya saura nake lallaɓawa safe da yamma, ga kuma nawa makaɗin, da nake jin bugunsa a kunne duk lokacin da na hau tudun gidanmu.