Gobarar da Ba Ta Tashi Ba

Shekarata ta farko ke nan da kama aiki a wani ofishin kula da gandun daji a Gumel, bayan na gama karatun taswira a jami'a. Aikina duba hotunan da tauraron ɗan Adam ke aikowa na ƙasarmu, daga Gagarawa har bakin iyaka a Maigatari. Ni kaɗai ce mace a wurin, kuma ba a cika tambayata ra'ayi ba.

Wata safiya bayan an gama girbin gero, na'ura ta nuna alamar wuta a cikin shukar itatuwanmu ta wajen Sule Tankarkar. Kusa da wurin akwai wata ruga da ta daɗe. Kafin azahar shugaban ofis ya yanke hukunci: makiyayan ne suka cinna wuta, a rubuta rahoto a tashe su.

Na buɗe hoton na ƙura masa ido. Ɗigo ɗaya ne tak, fari fat, da 'yar gajeriyar jela. Wutar gaske takan ɗumama gefenta, ta yi hayaƙi, kuma duk idanun kyamarar masu jin zafi sukan gan ta. Wannan ido ɗaya ne ya gan shi. Sai na tuna wani malaminmu da ya taɓa nuna mana irinsa. Ya ce a sararin samaniya akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, wasu daga rana, wasu daga nesa da ita, suna gudu kamar harsashi. In ɗaya ta ratsa idon kyamara, sai ta bar tabo a hoto alhali babu komai a ƙasa.

Na shiga wajen shugaban na yi masa bayani. Ya saurara, sannan ya ce na'urar da ta kai sama ba za ta yi ƙarya ba. Na ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa gobe. In na tarar da toka, ni zan rubuta rahoton da hannuna."

Washegari wani malamin daji ya ɗauke ni a babur. Yashi ya yi ta kama mana taya, har sai da na sauka na taka. Da muka isa daidai inda ɗigon ya nuna, sai ga ciyawa tsaye har gwiwa, busasshiya, ko kara ɗaya bai ƙone ba. Awaki na kiwo a gindin ƙirya. Muka kewaye shukar kaf, babu ko warin ƙauri. Na ɗauki hotuna cike da murna.

Ashe labari ya riga mu. A zauren dagaci muka tarar da Ardon rugar, dattijo mai farin gemu, da manoma cike da wuri, rai a ɓace. Na nuna musu abin da na ɗauko, da sabon hoton sama na wannan safiyar, wanda babu ɗigo a cikinsa. Ardo ya ce, "'Yata, to me abin naku ya gani?"

Na ce, "Baba, in reshe ya fyaɗi idon mutum a daji, ba yakan ga walƙiya ba ko da rana tsaka? Haka aka fyaɗi idon na'urar."

Ardo ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Manoman ma suka kama. Dagaci ya sa aka yi addu'a, aka watse.

Da muka koma ofis, shugabanmu ya kalli hotunan ya daɗe, ya janye maganar rahoton. A taron ma'aikata ya ce daga yau duk alamar wuta sai ta bi ta teburina kafin kowa ya motsa, kuma in koya wa sauran yadda ake bambance su.

Mahaifina kuwa, da yamma a majalisarsu ta ƙofar gida, cewa ya yi 'yarsa ta kama tauraron ɗan Adam da ƙarya. Ina jin sa daga tsakar gida, ina tankaɗe, ban fita na gyara masa ba.